Maginiyar da Ta Hana a Ji Randarta

Akwai wata mace maginiyar tukwane a wani ƙauye bayan dutse. Hannunta yana da kyau. Ta gina wata babbar randa, ta gasa ta har ta nuna jajawur, babu tsaga ko ɗaya. Ran kasuwa ta naɗa gammo, aka aza mata, ta kama hanya. Tafiyar da nisa, ga hawan dutse, ga rafi. Idan randar ba ta sayu ba, a kan nan nata za ta koma gida.

Ku da kuka tashi da bokitin roba ba ku san sayen randa ba, don haka ku kasa kunne. Ba da ido ake sayenta ba. Mai saye yakan lanƙwasa yatsa, ya ƙwanƙwasa gefenta, ya saurara. Lafiyayya takan amsa kamar ƙararrawa. Mai tsaga kuwa muryarta a dushe take.

Sai ga wata tsohuwa wadda randarta ta fashe. Da niyyar saye ta zo, kuɗinta a ƙulle a bakin zani. Ta durƙusa, ta lanƙwasa yatsa ke nan, maginiyar ta kama mata hannu.

Ta ce, "Inna, ɗauka kawai. Babu irinta a kasuwar nan. Yanzun nan wata ta taya, kina juya baya an saye." Alhali ba wanda ya taya.

Tsohuwa ta ce, "'Yar nan, bari in ji."

"Ai ba sai kin ji ba, Inna, ni na gina ta. Dubi baki, dubi gindi."

Tsohuwa ta ƙwanƙwasa sau uku, ba abin da ya shiga kunnenta sai surutun maginiya. Ta ce a ranta, wadda ta hana a ji kayanta, akwai abin da take ɓoyewa. Ta miƙe, ta kaɗe zani, ta tafi.

Maginiya ta koma gida da randa a ka. Kasuwa ta zagayo, ta ƙara ɗaga murya, tana jan rigar duk wanda ya wuce, har mutane suka fara kauce wa wajen. Ta sake komawa da kayanta, wuya kamar zai karye. Ran kasuwa ta uku ta wayi gari murya ta tafi gaba ɗaya, don ihun da ta sha. Ta sauke randa, ta zauna shiru, hawaye na neman zubo mata.

Tsohuwar nan ta dawo, don ta gaji da shan ruwan ɗumi. Ta durƙusa, ta ƙwanƙwasa. Randa ta amsa tangararan. Ta ƙwanƙwasa baki, ta ƙwanƙwasa gindi, duk haka. Sai ta kwance bakin zani.

Ta ce, "Tun ranar farko ita nake so, bakinki ne ya shiga tsakaninmu. Yaya wuyan? Sannu, 'yata. Allah ya ba ki lafiya, amma kada muryar nan ta yi gaggawar dawowa."

To, jikokina, ga abin da misalin nan yake nufi. Randar ita ce bisharar Ubangiji. Maginiyar ni ce, ku ne. Tsohuwar kuwa maƙwabcinku ne, ko ɗan'uwanku da ya daina zuwa sujada, wanda ƙishi ke damunsa, ya matso da kansa. Tambayar da yake muku, da kallon da yake wa zamanku a gida da kasuwa, ƙwanƙwasawa ce. Ku kuwa kafin ya buɗe baki kun tare shi da gorin zunubi da tsoratarwa, kuna jan rigarsa, har ya fara canza hanya idan ya hango ku. Na ga wannan da idona, ni ma na yi shi, ya raba ni da ƙanena shekaru.

Ban ce ku ɓoye randar a ɗaka ba. Ku kai ta kasuwa, ku faɗi gaskiyarta sau ɗaya, banda ƙari. Sa'an nan ku ja baya, ku rufe bakin nan naku da nake ƙauna. Ba ta da tsaga. Idan an ƙwanƙwasa, za ta amsa da kanta.