Jarka Mai Numfashi

Akwai wani dattijo a kwarinmu, nan gabashin jihar Kentucky ta Amurka, ana ce masa Vernon Tackett. Shekararsa saba'in da huɗu. Duk abin da ya mallaka, in ka tara shi wuri ɗaya, ɓarawo zai duba ya ba shi haƙuri. Amma yana da abu guda da maza ke rage murya in za su yi maganarsa: tsohuwar jarkar fetur ta ƙarfe, ja, mai cin galan biyar, gadon mahaifinsa.

Jarkar nan tana da ɗan hanci a gaba, da wata 'yar huda a baya mai murfi, inda take shan iska. Ka buɗe hudar, ka karkata ta, fetur ya sauka sumul kamar shayi daga buta.

To, tun da hukuma ta ce kada a ƙara sayar da jarkar da ke zubar da mai, sai aka kawo mana ta roba wadda ba ta da hudar iska. Hancinta kuwa sai ka danna, ka murɗa, ka tokare shi da bakin tanki, kana kuma rungume da galan biyar. Wanda ya ƙera ta hannu uku yake zaton muna da shi. In ta ga dama ta yi tari, ta yi gyatsa, sannan ta amayar maka a kan takalmi.

Sunanta "ba ta zubarwa". Tun da aka kafa kwarin nan ba a taɓa zubar da fetur irin na zamaninta ba. Ranar Asabar in maza sun taru shan kofi a shagon Darlene, ƙudaje ma a waje suke tsayawa saboda warin fetur.

Shekara talatin da ɗaya Vernon ke yanke ciyawar maƙabartar da ke kan tudu, kafin Lahadin Furanni, ranar da dangi ke dawowa daga jihar Ohio su yi wa kaburbura ado, a ci abinci a ƙarƙashin itatuwa. Iyayensa suna can. Matarsa Opal tana can. Ba wanda ke biyansa, kuma ba wanda ya isa ya taɓa aikin.

Sai dai amosanin gaɓɓai ya lanƙwasa masa yatsu. 'Yarsa Rhonda, ma'aikaciyar jinya ce, ta daɗe tana tsoron ranar da injin yankan ciyawar zai kife da shi a gangaren nan.

"Baba," in ji ta, "mu yi magana ɗaya. Ranar da ka kasa zuba wa injin nan mai da hannunka, ranar zan karɓi makulli."

"Na ji, Likita," in ji Vernon. "Ki tanadi kujera, za ki daɗe kina jira."

Yana da abin da ya dogara da shi. Jarkarsa ba ta buƙatar yatsu, hannu kawai take so.

Saura mako uku Lahadin Furanni, sai ga Lonnie Sizemore a ƙofar gida. Lonnie abokinsa ne tun suna aji ɗaya. Tare suka shiga ramin kwal, tare suka fito da tari iri ɗaya. Shi ya riƙe kafaɗar Vernon ranar da aka binne Opal.

"Mutumina, ara mini tsohuwar nan ta kwana ɗaya," in ji Lonnie. "Tawa ta yi mini wanka sau biyu yau. Matata Wanda ta ce in na ƙara shiga gida da warin nan, da kare zan kwana."

"Karen ya yarda?"

"Shi ma ya ƙi."

Vernon ya yi dariya, ya ɗauko jarkar ya miƙa masa. "Gobe nake son abata, tsoho."

"Kafin ka gama kofin safe."

Gobe ta zo ta wuce. Jibi ma haka. Rana ta huɗu Lonnie ya iso, hularsa a hannu, fuska kamar mai kawo saƙon rasuwa. A ɗaya hannun yana riƙe da sabuwar jarkar roba, takardar kanti na lilo a hancinta.

"Vernon, ban san ta inda zan fara ba. Ta faɗo daga bayan mota a kan babbar hanya. Wata motar katako ta bi ta kanta. Ko murfi ban samu ba."

Vernon ya dube shi sama da ƙasa. Sannan ya ce, "Kai dai ba ka ji ciwo ba?"

"Lafiyata ƙalau."

"To shi ke nan. Ƙarfe ne."

Har kofi ya zuba masa, don ya ga abokinsa ya damu.

Ranar Asabar Vernon ya fito da injin, ya tsaya a kansa da sabuwar jarka. Ya danna, yatsa ya ƙi. Ya murɗa, hanci ya kulle. Ya sa gwiwa, ya sa haƙori, ya ambaci wasu kalmomi da ba a koyarwa a coci. Da ya samu ta buɗe, sai ta yi gyatsa ɗaya ta kwararo masa daga ƙirji har cikin takalmi.

A daidai lokacin Rhonda ta tsayar da motarta.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa ma da ya fi sauƙi. Ta karɓi jarkar, ta kawo tawul tana goge masa hannu kamar majinyaci, idonta cike da ƙwalla.

"Baba, da ashana ɗaya fa."

"Jarkar ce, Rhonda. Ba ni ba ne."

"Maganarmu ba ta ce wace jarka ba."

Ta zare makullin ta sa a jaka.

Da yamma Lonnie ya zo jaje. Ya zauna a barandar, ya girgiza kai. "Tsufa ke nan, mutumina. Ba ya sallama. Kada ka damu da maƙabarta, bana ni zan yi. Da tarakta ma zan hau, in gama a yini ɗaya."

Washegari a coci fasto ya sanar cewa Ɗan'uwa Lonnie ya ɗauki nauyin tudu, tun da Ɗan'uwa Vernon ƙarfi ya ja baya. Aka tafa. Lonnie ya sunkuyar da kai irin na masu tawali'u. Vernon ma ya tafa, da lanƙwasassun yatsunsa.

Yanzu ku matso, don nan ne labarin ya karkata.

Ba wata motar katako. Jarkar tana rumfar Lonnie, bayan buhunan taki. Ya zuba mai da ita sau ɗaya, ya ji yadda ta sauka ba tari ba gyatsa, sai zuciyarsa ta ce masa Vernon ai ya kusa ajiye aiki. Don kada wani ya gane ta, ya shafe ta da fenti. Fentin da ya samu kuwa ragowar wanda aka yi wa kujerun baranda ne, ruwan ɗorawa. Kuma bai gaya wa matarsa Wanda ba, don ya san da kunne za ta ja shi har ƙofar Vernon.

A wajenmu yaron goye ma ya san ja ta fetur ce, shuɗiya ta kananzir, ruwan ɗorawa ta dizal. Ba a rubutawa, ba a tambaya. Lonnie ya sani sarai. Ya dai ce ai shi zai tuna.

Ranar Alhamis, saura kwana uku, ya tafi gari aski, don ya fito fes a gaban baƙin Ohio. Wanda ta ce bari ta rage masa aiki. Ta leƙa tankin tarakta, ta ga ya kusa ƙafewa. Ta shiga rumfa, ta ga jarka ruwan ɗorawa cike. Ta juye galan biyar na fetur a cikin injin dizal, tana ta yaba yadda jarkar ke da ladabi.

Lonnie ya dawo ya tayar da tarakta, ya nufi tudu. Bai kai rabin hanya ba tarakta ta fara ƙara kamar ana dakan ƙarfe a cikinta. Masu faɗa sun ce an ga hayaƙin daga gunduma uku. Ni biyu kawai zan iya rantsewa a kai. Ta yi jijjiga, ta mutu a tsakiyar hanya.

Duk kwarin mutum ɗaya ne ke gane ciwon tsohon inji da kunne. Kafin Lonnie ya hana, Wanda ta riga ta kira shi.

Rhonda ce ta kawo mahaifinta a mota. Vernon ya buɗe tankin ya sunsuna.

"Wanda, fetur ne a ciki."

"Haba, Yaya Vernon! Ni ce zan kasa bambanta ja da ɗorawa? Bari ka gani."

"Bar shi kawai, Wanda," in ji Lonnie. "Ba sai an..."

Ta riga ta tafi. Ta dawo ta dire jarkar a gabansu.

Vernon bai kalli fentin ba. Ya sunkuya ya kama mariƙin, yatsunsa suka zauna a inda suka saba zama shekara hamsin. Babban yatsansa ya laluba baya, ya samu 'yar hudar. Ya buɗe murfin, jarkar ta ja iska, fiii.



"Motar katakon nan," in ji Vernon a hankali, "ta iya fenti."

Wanda ta dubi mijinta. Rhonda ta dubi jarkar, ta dubi mahaifinta, ta sa hannu ta rufe baki.

"Zan dawo maka da ita, wallahi," in ji Lonnie. "Bayan Lahadi nake cewa..."

"Ka zauna a barandata," in ji Vernon. "Ka sha kofina. Ka ce mini tsufa ne."

"Mutumina..."

"Na tambaye ka ko ka ji ciwo, Lonnie. Abin da na fara tambaya ke nan."

 Vernon ya gaya wa Wanda famfon man taraktar ya lalace, ta nemi makanike a gari. Ya ɗauki jarkarsa ya shiga mota.

Washegari da safe Rhonda ta tsaya tana kallo ya cika tankin injinsa, ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba. Ta ciro makullin ta sa masa a tafin hannu.

"Ka yafe mini, Baba."

"Ke tsoro kika ji. Wannan daban ne."

Kwana biyu ya yi a kan tudu. Ranar Lahadi maƙabarta ta fito kamar an shimfiɗa darduma. Aka jera soyayyun kaji da burodin masara da wake a kan dogayen tebura. Lonnie ya zo a makare, ya tsaya can gefe, Wanda na tafiya taku biyar a gabansa.

Kowa na jira ya ga ko Vernon zai kore shi. Vernon ya ɗauki faranti, ya zuba cinyar kaza biyu, ya taka har inda yake, ya miƙa masa da hannu biyu. Idon Lonnie ya kawo ruwa.

"Vernon, na gode. Ni dai..."

"A ci lafiya, Mista Sizemore," in ji Vernon.

Ya juya ya koma wajen kabarin Opal, ya zauna ya ci nasa shi kaɗai.

Darasi: Wanda ya ba ka aro, amanarsa ya ba ka, ba kayan kaɗai ba. Kaya suna komawa hannun mai su ko an shafe su da fenti, amma zaman da aka yi shekara sittin ana ginawa ba ya dawowa da "yi haƙuri". Kada ka ci amanar wanda ya fara tambayar lafiyarka kafin ya tambayi kayansa. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman wanda wani abu naku ya kwana biyu a rumfarsa.