Tunkiyar da Ta Matso Gurbin 'Yar'uwarta

A wani ƙauye an yi wani makiyayi, ba gona, ba rumbu, tumakinsa su ne abincin gidansa. Wata shekara ciwon huhu ya faɗo wa garin, irin wanda tunkiya guda kan shafa wa garke duka. Sai ya ce bari ya ware marasa lafiya tun da wuri.

Da safe ya kora su cikin siririn lungun da ke bakin shinge. Suka jeru ɗaya bayan ɗaya, kowace tana turin ta gabanta don a fita kiwo. Ya fara daga gaba, ya duba hancin wannan, ya taka zuwa ta bayanta.

Matarsa Rifkatu ta sauke tulu, ta ce, "Maigida, da ka fara daga baya. Ko ka shafa toka a jikin masu ciwon, in ka gama dubawa ka fitar da su."

Ya ce, "Ke dai ji da tulunki. Yau na fara kiwo?"

Ya iske wata tana majina, ya ciccibe ta ya tsallakar da ita shinge, yana ta jin daɗi. Sa'an nan ya taka gaba abinsa. Ashe da ya cire waccan layin ya matso, ta bayanta ta shige gurbin da ya riga ya duba. Ya wuce ta ko kallo babu. Ita kuwa ta fi ta farkon ciwo, gama tare suke kwana.

Kafin wata ya ƙare tari ya cika garken. Ya yi ta jan mushe zuwa bayan gari har ungulai suka san shi. Ran da ya ja ta ƙarshe ya zauna a bakin lungun yana kuka, yana cewa, "Wayyo, ai duk na duba su!" Rifkatu kuwa tana tunanin abin da 'ya'yanta za su ci.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa, kuma da ni da ku ake. Garken nan zuciyarka ce. Zunubi ba ya tafiya shi kaɗai, da abokin kwanansa a bayansa. Ka daina shan giya, madalla! Amma kana cikin murna girmankai ya matso ya tsaya a gurbinta, kai kuwa ka ce, "Nan ai na gama da shi." Kada ka yi gaba tukuna. Juyo ka dubi inda ka cire, gama wanda zai kashe ka yana tsaye a wurin.