Ƙaramar Giya a Kan Babban Tudu

Akwai wani saurayi a ƙasar fili, inda hanya take shimfiɗe kamar tabarma. Allah ya ba shi ƙarfin ƙafa, yana kuma da keken tsere mai giya iri-iri. Amma bai taɓa sa wata ba sai babbar, wadda in an taka feda sau ɗaya take kai mutum nesa. Ƙaramar giya kuwa, a cewarsa, ta tsofaffi ce.

Ana nan sai aka shirya tseren keke a ƙasar duwatsu, ya shiga. A kan tudu na ƙarshe, wanda ya fi sauran tsayi, akwai wani ƙauye, a ƙauyen kuma akwai wata budurwa da suka haɗu a taron mawaƙan ikilisiya. Bai taɓa iya faɗa mata abin da ke zuciyarsa ba. Iyakar abin da ya fito daga bakinsa shi ne, ranar tseren zai wuce ta ƙofar gidansu da babbar giya. Ta yi dariya ƙasa-ƙasa, ta ce ya rage murya kada Fasto ya ji shi yana alfahari da giya. Duk da haka ta yi alkawarin tsayawa a bakin hanya.

To, a tseren nan akwai motar a-kori-kura da take bin masu tsere a baya. Duk wanda ta cim ma ya fita ke nan, a ɗora shi da kekensa. Babu abin da saurayin yake tsoro kamar ya wuce gaban yarinyar a bayan motar nan, kamar akuyar da za a kai kasuwa.

Da safe aka tashi. Ya ci tudun farko da ƙarfin tsiya, na biyu da cizon haƙora. A gangara kuwa iska ta cika masa riga, har ya ɓarke da waƙa shi kaɗai. Amma da ya kama tudun ƙarshe, sai ƙafafunsa suka yi nauyi kamar turmi. Keke ya fara tangaɗi. Waɗanda ya wuce suka yi ta wuce shi. Can ƙasa cikin kwari ya ji ham ɗin motar.

Sai ga wani dattijo mai furfura, shi ma ɗan tsere, ya zo daidai da shi yana juya feda ba wahala. Ya ce, “Samari, sauko da giyar nan.”

Saurayin, yana haki, ya ce ba zai iya ba, akwai wanda yake jiransa a sama.

“Wanda, ko wadda?” in ji dattijon. Ya kwashe da dariya. “To, ta fito ganin giya ne, ko kai?”

Ya faɗi haka ya yi gaba.

Saurayin ya haɗiye kunyarsa, ya taɓa giyar. Sarƙa ta ce ƙas, nauyin ya sake shi. Ƙafafunsa suka shiga juyawa da sauri, keken yana tafiya kaɗan-kaɗan. Yaran bakin hanya suka bi shi suna cewa ga kaza tana tono. Ya dube su, shi ma dariya ta kama shi. Sai a lokacin ya ɗaga kai ya ga gonakin acca da dankali, ya ga yadda duwatsu suka hau kan juna. Ƙarar motar ta yi ta nisa.

A kan tudun ya sami budurwar tsaye da ƙwaryar ruwa. Ta bi gefen keken da gudu, ɗankwalinta yana zamewa, ta juye masa ruwan a kai. Ta ce, “Sannu da zuwa.”

Bai zo na ɗaya ba, bai ma kusa ba. Amma a kan kekensa ya gama tseren. Da la'asar kuma ya sake hawa tudun nan a hankali, ya je ya gaida mahaifinta.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Kowannenmu yana da tudunsa. Babbar giya ita ce girman kai, wanda yake kai mu nesa muddin hanya tana da sauƙi, sa'an nan ya kashe mana ƙafa a wurin hawa. Ƙaramar giya kuwa tawali'u ce: ka ce ban gane ba, a sake koya mini. Ki riga ƙawarki neman gafara. Ku durƙusa ku ce wa Allah ƙarfinmu ya ƙare. Mai yiwuwa a yi muku dariya, tafiyar ma za ta ragu, amma za ku hau. Ubangiji da yake jiranmu a sama bai fito duba ƙarfinmu ba. Mu yake so ya gani.