Harawar Nomau

An ce wai a wani gari an yi shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Akwai wani tsoho a garin, Nomau, wanda gyaɗarsa ta yi ganye ba ta yi 'ya'ya ba. Ba abin da ya rage masa sai sa guda a turke. Dabararsa ita ce ya kiwata shi ya yi ƙiba, ya sayar, ya sayi hatsin da zai kai jikokinsa marayu damina. Sai ya tuge gyaɗar ya shanya, ya ɗaure harawar dami-dami, ya jibge a kan wata tsamiya da ke iyakar gonarsa da ta maƙwabcinsa Tambai, mai shanu da yawa.

Da rani ya tsananta, Nomau ya je sauke harawa, sai Tambai ya tare shi, wai tasa ce. Kai, mutum! Suka ɗunguma gaban Alƙali Sambo, suka tarar yana shirin tafiya. Ya ce kada kowa ya taɓa tsamiyar sai ya dawo. Tambai bai damu ba, yana da kara da dusa. Nomau kuwa ya riƙa tsinto wa sansa busasshen ganye, yana kallon haƙarƙarinsa na fitowa.

Da alƙali ya dawo, kowa ya rantse, ba mai shaida. Sai alƙali ya tambayi kowannensu inda ya shuka gyaɗarsa. Tambai ya ce a fadama, Nomau ya ce a kan tudu. Alƙali ya sa aka sauko da dami guda, aka tsoma saiwoyin cikin ƙwaryar ruwa. Nan da nan ruwa ya yi ja wur.

Alƙali ya ce, "Tambai, gyaɗa da saiwarta ake tuge ta, saiwa kuwa ba ta rabuwa da ƙasar da ta fito. Ƙasar fadamarka baƙa ce. A ina ka samo jar ƙasa?"

Tambai ya sunkuyar da kai, ya sulale.

Nomau ya ɗauki damin a ka, yana sauri kamar yaro. Ya iske san kwance a gindin turke, ƙudaje sun rufe idonsa, ko yanka ba a samu yi ba. Ya ajiye harawar a gabansa, ya zauna ya yi kuka.

Da labari ya kai ga alƙali, ya aika a kamo sa guda cikin na Tambai, aka tarar ya kora garkensa ya bar ƙasar. Alƙali ya taka da ƙafarsa har gidan tsohon.

Nomau ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ka ba ni gaskiyata, na gode. To, wa zai ci ta? Ni, ko yaran nan?"

Alƙali ya ce, "Baba, ƙwaryar ruwan nan tana gidana tun ranar da kuka fara zuwa. Tambai ya zalunce ka, amma ni na kashe maka sa."

Damina ba ta riski Nomau a garin ba. Ya tasa jikokinsa gaba suka tafi neman abinci, harawar na nan a kan tsamiya har ruwan farko ya ruɓar da ita.

Hukunci, komai kyansa, in ya iso bayan mai jiransa ya faɗi, bai fi harawa a gaban mushe ba.