Kwandastan da Ya Tsayar da Motar Baba

Akwai wani malamin makaranta da tsufa ya rikita mahaifinsa. Baba tsohon direban bas ne. Kullum yana zaune bakin taga, ya riƙe faranti kamar sitiyari yana juyawa a hankali. In an kawo abinci sai ya ce, "Ba a ci ana tuƙi."

Kwana huɗu ruwa kawai ya shiga cikinsa.

Malam ya ba da cigiyar mai jinya: sai mai takardar shaida da gogewar shekara biyar. Mutum uku suka zo da takardunsu. Kowanne farantin ya fara ƙwacewa, Baba ya yi ta kuka kamar yaro.

Na huɗu wani mai furfura ne, hannu rabbana.

"Ina takardunka?" in ji Malam.

"Ranka ya daɗe, ni kwandasta ne. Motarmu aka sayar."

"To, nan ka ga fasinja?"

Malam zai sallame shi ke nan, sai ya ga kwandastan ya ƙura wa ƙafar Baba ido.

"Tun yaushe yake taka totur haka?" in ji kwandastan.

Malam ya duba. Watanni yana ganin ƙafar nan tana motsi, bai taɓa tambayar dalili ba.

Kwandasta ya matsa, ya buga bayan kujerar da tafin hannu sau ɗaya.

"Direba, akwai mai sauka!"

Baba ya leƙa taga, ya karkata farantin, ya ɗaga ƙafa. Ya ajiye shi a cinya.

"Kai ɗan nema, ina ka shige? Yunwa kamar ta kashe ni!"

"Tuba nake, maigida. Mu ci kafin mota ta cika."

Baba ya cinye abincin tas. Ranar Malam ya ɗauki kwandasta aiki.

Ba da magani da juya majinyaci kuwa, a mako biyu kwandasta ya koya, don ba ya kunyar tambaya.

Bayan wata bakwai, wata safiya, Baba ya cika a kujerarsa. Malam ya kasa taɓa shi. Kwandasta ne ya zare farantin daga yatsunsa a hankali.

"Mun iso tasha, maigida. Huta."

Darasi: Takarda abin da mutum ya riga ya yi take faɗa, ba abin da zai iya ba. Kafin ka sallami mai neman aiki, duba abin da idonsa yake gani. Tura wa duk wanda ke ɗaukar ma'aikata.