Sunan Gwaggo a Littafin Dakta

Akwai wani ɗalibin digiri na biyu da 'yan gidansu ke kira Dakta tun bai kai ko'ina ba. Sunan ya shige shi har cikin ƙashi.

Bincikensa a kan ungozomomin gida ne, kuma bai yi nisa wajen nema ba. Yayar mahaifinsa, Gwaggo, ta tsufa tana karɓar haihuwa. Shi kansa a tafin hannunta ya faɗo duniya.

Da ya zo da maganar ɗaukar ta a bidiyo, sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ni da ko hoton biki ba na shiga? To, na yarda, amma da sharaɗi. Ka rubuta sunana da na ubana a littafin. Na karɓi rabin unguwar nan, ba wanda ya taɓa rubuta ni ko a jikin bango."

"An gama, Gwaggo."

Ta zauna a bakin gadonta, ta juye masa duk abin da ta sani: yadda ake lallashin mai haihuwar fari, da alamun da in ta gani take cewa a nemo mota, wannan ta asibiti ce.

Abokinsa mai kyamara ne ya ɗauka, ya kuma ɗora bidiyon a shafinsa na barkwanci mai suna Gulma Zalla, don a samu adireshin intanet da za a kafa hujja da shi.

Dakta yana da wata manhaja da ke tsara masa madogara. Ka liƙa mata adireshi, ita za ta cike sauran. Sai dai manhaja ba ta san Gwaggo ba. Sunan shafin ta gani, shi ta saka a gurbin mai magana. Duk inda tsohuwar ta yi bayani, littafi ya ce Gulma Zalla ce ta faɗa.

Matarsa ce ta lura, ranar da ya ba ta ta duba masa kurakuran rubutu.

"Baban yara, ina sunan Gwaggo? Na duba ban gani ba."

"Haka tsarin yake."

"Ba a iya buɗewa a gyara da hannu? A ce hira ce da wance, sannan a faɗi shafin da aka ɗora?"

Ya yi dariya. "Manhajar da furofesoshi ke aiki da ita ce za ki yi wa gyara? Waƙafi na ce ki duba mini, uwargida, ba ilimi ba."

Ta miƙa masa takardunsa.

Malamin da ke duba aikin, ɗalibai sun yi masa yawa, ya sa hannu kawai. Aka buga, aka yi bango mai ruwan zinare, aka ajiye kwafi a ɗakin karatun jami'a.

Ranar da ya kawo littafin gidansu, tsakar gida ta cika. Gwaggo ta saka sabon zane, har da turare. Ba ta iya karatun boko ba, sai ta miƙa wa babbar 'yarta.

"Karanto mini wurin da nake."

'Yar ta yi ta buɗe shafuka, tana fassarawa a hankali. "A cewar Gulma Zalla, idan jini ya riga jariri fitowa, kada a jira..."

Wani ya tuntsire da dariya. Wata ta ce, "Gwaggo, ashe kin sake suna ba ki raba mana goro ba!"

"Duba ƙarshe," in ji Gwaggo. "Wataƙila can ya sa."

Aka duba. Gulma Zalla.

Ta karɓi littafin, ta share bangonsa da bakin zanenta, ta ɗora masa a cinya.

"Ungo, ɗan ƙanena. Allah ya sa albarka. Ashe duk daren da na hana idona barci, gulma nake yi."

"Gwaggo, manhajar ce..."

"Ita ta zauna a ɗakina ta ce mini an gama?"

Ya koma gidansa ya buɗe kwamfuta. Kafin shayinsa ya huce ya gyara komai. Ya sake bugawa ya kai mata.

Tana kan sallaya, ba ta ko miƙa hannu ba.

"Na makaranta fa, wanda baƙi za su karanta?"

"Wancan... ba a canza shi."

"To kai wa matarka wannan. Na ji ita ce ta neme ni a ciki."

Har yau yana zuwa gaishe ta, tana amsawa. Amma ita kaɗai ce a gidan ta daina ce masa Dakta.

Darasi: Na'ura tana cike gurbi, amma ba ta san haƙƙi ba. Duk wanda ka ɗauki maganarsa, ka duba da idonka ka ga sunansa na nan, kuma kada ka raina mai yi maka gyara. Amana ce, za a tambaye mu. Ku tura wa ɗaliban gidajenku tun ba su kai aikinsu wurin bugawa ba.