Fitilun Janareta da Madubin Gado

Ina da wani ɗan kawu mai aski, kowa yana kiransa Janareta. Ba don ƙarfi aka sa masa sunan ba, don ko bokitin ruwa ya ɗaga sai ya yi nishi. Son fitila ne ya jawo masa. Mutum ne mai kyauta, ga hannu a aski, amma yana da ciwo guda: yana so a gan shi. Idan ya shigo wuri ba a waiwayo ba, ranar ko abinci ba ya yi masa daɗi. Shagonsa kujera biyu ne da benci, amma fitilun ciki sun isa su haska filin ƙwallo. Mai sanƙo in ya zauna a kujerarsa, sai na kan benci sun kare ido da hannu.

Da Allah ya hore masa ya sayi mota ta hannu, bai tsaya duba birki ko taya ba. Maɓallan fitila ya bi yana gwadawa. A jikin sandar da ke gefen sitiyari ya tarar da wani ɗan zobe. Ya murɗa, sai wasu fitilu biyu suka kama a ƙasan bambar gaba. Ya ƙara murɗawa, sai wata jar fitila mai ƙarfin gaske ta kama a baya, gefe guda kawai. Fitilun hazo ke nan. Na gaban an sa su ƙasa-ƙasa don su haska kwalta idan hazo ya rufe hanya. Ta bayan kuwa an ƙara mata ƙarfi ne don wanda ke binka ya hango ka ta cikin hazon, kada ya afka maka.

Janareta ya zaga bayan motar, ya ga gefe guda ne ke ci, ransa ya ɓaci. Washegari ya kai ta wurin mai gyaran wutar mota.

Ya ce, "Oga, ta baya guda ta ƙone."

Mai gyaran ya duba ya ce, "Ba ta ƙone ba. Haka aka yi ta, ita kaɗai, don kada na bayanka ya ɗauka birki ka taka."

"Rowa dai suka yi. Ni ba zan hau mota mai ido ɗaya ba. Sa mini ta biyu."

"Ka dai san ba a kunna ta sai hazo ya yi kauri, ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya?"

Janareta ya yi dariya ya ce, "Ni da motata, sai na jira sama ta ba ni izini?"

Mai gyaran ya ce, "Motarka ce," ya jona masa ta biyu.

Tun daga ranar, da rana ta faɗi sai ya murɗa zoben nan har ƙarshe. Ko sama ta yi tas, taurari na kallon juna, fitilun hazonsa na ci gaba da baya. Akwai wata ƙaramar fitilar birki a saman gilashin baya, ita kuwa ya rufe ta da takardar tallar shagonsa. Masu babur suna zaginsa, maƙwabta suna yi masa magana, shi kuma amsarsa ɗaya ce: hassada ga mai rabo taki.

Matarsa tela ce, muna kiranta Anti Tela. Ba ta da yawan magana, in ka ji muryarta to awo take faɗa. Tana da wani madubi da ta gada daga mahaifiyarta, wadda ita ma tela ce kafin ta rasu. Madubin ya fi mutum tsawo, an zagaye shi da katako mai zane, kusurwarsa guda ta yi duhu saboda tsufa. A gabansa ta koyi ɗinki tun tana tsayawa kan kujera kafin ta kai tebur. Ko yaranta ba ta yarda su wuce ta kusa da shi da gudu.

Ana nan sai ta samu sabon shago a can ɗaya gefen gari. An kwashe kekunan ɗinki da tebur da zare, saura madubi, don ta hana a haɗa shi da sauran kaya. Washegari da safe za ta buɗe, har ta gaya wa masu ɗinki su zo gwada kayansu. Abin da take so kawai, madubin nan ya isa lafiya.

Janareta ya bugi ƙirji ya ce, "Ki bar mini. Ko ƙuda ba zai sauka a kansa ba."

Ya kira wani dattijo mai akori-kura, Baba Direba, ni kuma aka kira ni in kama. Muka naɗe madubin da barguna, muka tsayar da shi a bayan motar jikin ƙarfen da ke bayan gidan direba, muka sa tsohuwar katifa a tsakani, muka ɗaure da igiya. Anti Tela ta zaga ta ja kowane ƙulli da hannunta kafin ta yarda.

Ruwan sama ya tsare mu, ba mu tashi ba sai bayan magariba. Lokacin ruwan ya ɗauke, gari ya washe, sai kwalta ce kawai ke sheƙi. Ni da Baba Direba ba mu san shagon ba, don haka Janareta da matarsa suka shiga gaba, mu kuma muna biye. Ina zaune kusa da Baba.

Muna hawa titi jajayen fitilun nan suka kama. Ga su a motar, ga inuwarsu a jiƙaƙƙiyar kwalta, ga su a ɗigon ruwan da ke gilashinmu. Duk inda ka duba ja ne.

Baba Direba ya rage gudu, ya ƙara, ya sake ragewa. Ya ce, "Ɗana, wannan ɗan'uwan naka birki yake takawa ne ko tafiya yake yi?"

Na ce, "Baba, ado yake yi."

"Kira shi ya kashe. Ba na gane komai."

Na kira shi a waya. Na ce, "Ɗan kawu, kashe jajayen nan, sun cika mana ido. Kamar muna bin motar kashe gobara."

Ya ce, "Ai shi ya sa ba za ku ɓata ba. Ka ce wa Baba ya goge tabaransa."

"Babu hazo fa. Ga wata can har yana yi maka dariya."

Sai na jiyo muryar Anti Tela daga gefe tana cewa, "Baban yara, ka kashe mana. Dattijo ne ke magana."

Ya ce mata, "Ke dai ki ji da allura, ki bar mini sitiyari." Ya kashe wayar.

Baba Direba ya ja da baya ya bar tazara mai yawa. Nan da nan wasu motoci suka shiga tsakaninmu. Sai ga Janareta ya kira yana faɗa, wai mu matso, an kusa shan kwana, in muka ɓata ba zai dawo nemanmu ba. Baba ya yi tsaki a hankali, ya samu hanya ya matso har muka dawo daf da shi.

To akwai wani wurin wankin mota a kan hanyar, inda abokan Janareta suke zama hira. Yana hango su a kan benci sai ciwon nasa ya motsa. Ba sigina, ba komai, ya taka birki don ya danna musu ham ya ɗaga hannu. Fitilun birkinsa sun kama, ba shakka, amma ja ne ya shiga cikin ja. Ni da nake da ƙuruciyar ido ban ga abin da ya canza ba. Sai gani muka yi bayan motarsa na girma a gabanmu. Baba ya take birki da dukan ƙarfinsa, taya ta ja a kan ruwa, muka daki bambarsa.

Dukan bai yi ƙarfi ba, ba wanda ko ƙwarzane ya yi. Amma daga bayanmu muka ji wani ƙas, sannan wata ƙara kamar ana zuba tsakuwa a kwano.

Anti Tela ta fito. Ba ta kalli motar mijinta ba. Ta wuce kai tsaye bayan akori-kura, ta ɗaga gefen bargo. Gilashi ya zubo a ƙafafunta. Katifar ta zame, madubin ya bugi ƙarfe, babu abin da ya rage sai katako da 'yan haƙora a gefe. Ta yi salati a hankali. Ta sunkuya ta ɗauki wani guntu kamar tafin hannu, ta naɗe shi a bakin mayafinta.

Janareta kuwa ya fito da hargagi. "Baba, makanta ce ta kama ka? Mota kamar wannan a gabanka, da wuta ko'ina, ka ce ba ka gan ta ba?"

Abokansa suka taso suka kewaye mu. Baba Direba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ni ma da laifina. Da na bar tazara ko za mu ɓata. Amma zo nan ka tsaya inda nake." Ya ja shi baya kaɗan, ya juya shi yana fuskantar motar tasa, wadda fitilunta ke ci har lokacin. Ya ce da ni in shiga in riƙa taka birki ina saki. Ya ce wa Janareta, "Duk lokacin da ya taka, ka gaya mana."

Na shiga na taka, na saki, na sake takawa. Janareta ya ƙanƙance ido, ya kare da hannu, ya matso, ya ja baya. Ni kuma da na ga abin ya daɗe, sai na zuro ƙafafuna duka biyu waje na ajiye su a kwalta.

Sai ya ce, "Yauwa, yanzu ya taka."

Wani daga cikin abokan ya nuna masa ƙafafuna. Aka fara dariya, amma ba ta yi nisa ba, don kowa ya ga Anti Tela tsaye da ƙullin mayafi a hannu. Wani tsoho mai gadin wurin ya ce, "Ashe kai ne mai motar nan da ke kashe mana ido kullum."

Janareta ya taka a hankali ya zura hannu ta taga ya mayar da zoben. Jan ya ɗauke, titi ya koma titi. Ya ari tsintsiya a wurin masu wankin mota, ya durƙusa yana share gilashi a gaban mutanen da ya tsaya don su gan shi. Ba wanda ya taya shi, don shi da kansa ya hana.

Da ya gama ya je kusa da matarsa, kansa a ƙasa. Ya ce, "Maman yara, zan saya miki wani, wanda ya fi shi girma."

Ta ce, "Akwai inda ake sayar da na Inna?"

Ya juya ya dubi katakon da ya rage a bayan akori-kura.

Ta ce, "Ku kai katakon shago. Shi ma nata ne." Ta gaya wa Baba Direba kwatance, ta tari tasi ta koma gida.

Da sassafe Janareta ya je shagonsa ya kwance madubin askinsa daga bango, ya rungumo shi a ƙafa har sabon shagon, don kunya ta hana shi shiga motar. Ta dube shi, ta dubi madubin, ta nuna masa ƙusa a bango. Madubin aski ne, daga kai zuwa ƙirji yake nunawa. Duk wadda ta zo gwada riga sai ta hau kujera kafin ta ga ƙasan ɗinkinta, kuma kowace sai ta tambaya ina babban madubin nan na da. Anti Tela ba ta tona shi ba, cewa take yi ya fashe a hanya. Shi kuwa yana tsaye a bakin ƙofa yana ji, ya gwammace a ce zaginsa take yi.

Ya daɗe yana yi wa mutane aski suna kallon bango. Ya mayar da motar wurin mai gyaran wuta aka cire fitilar da ya ƙara, ya ɓare takardar talla daga gilashi. Daga baya ya sa an yanko sabon gilashi an saka a tsohon katakon. Anti Tela ta yi godiya, tana aiki da shi har yau. Amma guntun nan na tsohon madubi yana cikin aljihun kekenta tare da allurai, kuma duk ranar da ta aike shi ɗauko almakashi sai ya gan shi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kowane abu an yi shi ne don lokacinsa. Fitilar hazo ta hazo ce da ruwa mai ƙarfi. Idan hanya ta washe a kashe ta, musamman ta baya, don tana kashe wa na bayanka ido, tana kuma ɓoye masa birkinka. Fitilar mota magana ce tsakaninka da sauran masu bin hanya, wanda kuwa yake ihu kullum, ranar da yake da abin faɗi ba za a ji shi ba. Idan mutane suka ce abinka yana cutar da su, ka saurara kafin ka kira shi hassada. Mai son a gan shi za a gan shi, amma ba shi ke zaɓen ranar ba, kuma sau da yawa na kusa da shi ne ke yin asarar da kuɗi ba sa mayarwa.